Albasar Kwaɗi a Gindin Ganuwa

Ɗan ƙanwata Barau ya aiko hoto daga ƙasar sanyi:
gonar fure, layi-layi kamar an shanya atamfa,
ja nan, ruwan ɗorawa can, har iyakar ganin ido.
Ya ce, "Kawu, a nan sai ka biya kafin ka kalla."
Na juya wayar, na sake juyawa,
na ce madalla,
sai Baba Jatau ya faɗo mini a rai.

Jatau mai ban ruwa a gidajen reluwe na Sabon Gari,
shekara talatin yana yi wa shinge aski,
yana bauta wa furannin baƙi
waɗanda harshensa bai taɓa iya sunansu ba.
Ranar da ya ajiye aiki, ga abin da ya fito da shi:
bokitin ƙarfe mai yoyo,
da 'yar albasa guda a aljihun taguwa.

Ba ta miya ba ce.
Akuya ma sunsunawa take ta wuce.
Ya binne ta a gindin ganuwa, bayan Ƙofar Gayan,
inda jar ƙasa ta tsage kamar faso a diddige.
'Yan majalisar bakin titi suka ce tsufa ya fara taɓa shi:
wa ke shuka abin da ba a ci?
Ya ce, "Ido ma ciki ne, yana jin yunwa."

Wata bakwai tana kwance ba motsi.
Kubanni ta janye ta bar yashi,
rimayen birni suka saki audugarsu,
marga ta yi ado ta tuɓe,
zafi ya hana kowa kwanan ɗaki.
Sai wani dare hadari ya haɗo ta wajen Galma,
ƙasa ta sha, ta yi ajiyar zuciya,
kwaɗi suka buɗe kasuwa.

Kwana uku, ga ta tsaye.
Farar riga, jan zare a tsakiyar kowane hannu,
aikin da ko maɗinkan cikin birni
sai su ajiye allura su duba.
Ina yaro lokacin, da tiren ƙosan Inna a ka.
Na tsaya har ƙosan ya huce,
na sha rankwashi a gida, ban yi nadama ba.

Ɗaya ta haifi biyar, biyar suka cika kwari.
Amare kan biyo ta nan da gangan,
masu keke su rage gudu,
wani malamin Samaru ya zo da littafi
ya kira ta da dogon suna. Jatau ya yi dariya,
ya ce, "Mu dai kwaɗo muka sani da ita."
Mako guda take yi, ba ta neman ƙari,
ta sunkuyar da kai, ta koma inda ta fito.

Jatau ya rasu da kaka, shekara goma sha tara ke nan.
Ganuwar ma tana bin sa a hankali,
kowa ya yaƙuce ta ya yi bulo.
Makon jiya na ga an kafa turaku, an ja igiya,
an ce shaguna za a yi.

Na je da fartanya bayan sallar asuba,
gwiwata na ƙara, ina tono.
Arba'in da ɗaya na ƙirga,
biyu na sare bisa kuskure, Allah Ya yafe mini.
Na raba wa maƙwabta, wasu suka karɓa don kunya.
Sauran suna cikin fasasshiyar randa a tsakar gidana.

Na ɗauki hoto na aika wa Barau.
Ya ce, "Kawu, ƙasa kawai nake gani."
Na ce, ƙasar ce dai.
Jiya da dare na ji kwaɗo guda yana gwada murya
ta bayan masallaci.
Ka bar wayarka a kunne.